Jariran da aka yar a Sin da Indiya: akwai hannun doka a ciki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani labari da ya wuce ba tare da an tsaya a kansa yadda ya kamata ba. A watan Satumba na 2024 gwamnatin ƙasar Sin ta sanar da cewa ta daina bai wa 'yan ƙasashen waje yara riƙo, sai dai idan akwai dangantaka ta jini ko ta aure. Da wannan sanarwa aka rufe wata ƙofa da ta kasance a buɗe tun 1992, wadda ta cikinta aka fitar da yara fiye da 160,000 zuwa ƙasashen duniya, kusan rabinsu zuwa Amurka, kuma a shekarun farko kusan dukkansu mata ne. Tambayar da ta dame ni ita ce: daga ina waɗannan dubban jarirai mata suka fito, kuma me ya sa iyayen da suka haife su suka rabu da su?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce Sinawa ba sa son 'ya'ya mata. Wannan amsa tana da ƙamshin gaskiya, amma ta rage rabin magana, kuma rabin da ta rage shi ne ya fi nauyi. Fifita ɗa namiji tsohon abu ne a Sin, ya girmi kowace gwamnati da ke raye a yau. A al'adarsu ɗa namiji ne yake ɗaukar sunan zuri'a, shi yake kula da kaburburan kakanni, shi yake zama a gidan uba da matarsa, ya ci da iyayensa idan ƙarfinsu ya ƙare. 'Ya mace kuwa da zarar ta yi aure ta zama ta dangin miji, har suna da karin magana mai cewa 'yar da aka aurar kamar ruwan da aka zubar ne. A karkarar da babu fansho, babu wani tanadin gwamnati ga tsofaffi, manomin da bai haifi namiji ba yana kallon tsufansa da tsoro na gaske. Duk da haka, kafin a sa doka, mafi yawan gidaje suna da hanya mai sauƙi ta cika wannan buri, wato su ci gaba da haihuwa har namiji ya zo, matan da suka riga shi kuma su tashi a gidan ubansu. Ana iya tauye musu abinci ko karatu, a lokutan yunwa ma an sha hallaka jarirai mata, amma gurbin 'ya mace a cikin gida bai dogara da hana ƙaninta zuwa duniya ba.

Abin da ya sauya lissafin shi ne dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda aka fara aiwatarwa a 1979, aka kuma tabbatar da ita da buɗaɗɗiyar wasiƙar da Jam'iyyar Kwaminis ta fitar a ranar 25 ga Satumba, 1980. Damuwar shugabannin ƙasar a wancan lokaci tana da tushe. Yawan jama'a ya doshi biliyan ɗaya, kuma yunwar 1959 zuwa 1961 da ta kashe miliyoyin mutane ba ta gushe daga zukata ba. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba, wato cewa haihuwa ta riga ta ragu ƙwarai kafin dokar. A 1970 mace ɗaya tana haihuwar 'ya'ya kusan shida a matsakaicin lissafi, zuwa ƙarshen shekarun 1970 kuwa adadin ya sauko ƙasa da uku, a ƙarƙashin shirin jinkirta aure da ba da tazara. Gwamnati ta sha cewa dokar ta hana haihuwar mutum miliyan 400, masana ƙidayar jama'a da dama kuma sun ƙi yarda da wannan adadi, domin ya haɗa da raguwar da ta faru kafin dokar da wadda za ta faru ko babu ita.

Yadda aka tilasta dokar shi ne ya kai iyaye bango. An ɗora wa jami'an ƙauyuka da gundumomi adadin haihuwar da ba za a wuce ba a yankinsu, ƙarin girmansu da albashinsu suka rataya a kan cika wannan umarni. Matar da ta haihu sau ɗaya a sa mata robar mahaifa, wadda ta haihu sau biyu a ɗaure mata mahaifa ko a yi wa mijinta aiki. A 1983 kaɗai an yi aikin hana haihuwa na dindindin fiye da miliyan 20, an zubar da ciki fiye da miliyan 14. Wanda ya karya doka kuma ana cin sa tarar da kan ninka abin da yake samu a shekara sau da yawa, ma'aikaci ya rasa aikinsa, manomi a kwashe masa hatsi da dabbobi, a wasu wurare har a rushe masa gida. Mai kuɗi yakan biya ya wuce: a 2014 an ci fitaccen mai shirya fina-finai Zhang Yimou tarar kuɗin Sin yuwan miliyan 7.48 saboda 'ya'yansa uku, ya biya. A 2012 kuwa, a yankin Ankang na lardin Shaanxi, an kama wata mata mai cikin wata bakwai aka zubar mata da shi da ƙarfi saboda iyalinta sun kasa biyan yuwan 40,000.

A 1984, da gwamnati ta ga manoma sun ƙi miƙa wuya, sai ta sassauta, kuma wannan sassauci ne nake so masu karatu su duba da kyau. A larduna da yawa an yarda ma'auratan karkara su sake haihuwa sau ɗaya idan 'yar fari mace ce. A zahiri wannan jinƙai ne, amma ma'anarsa ita ce hukuma da kanta ta amince cewa 'ya mace ba ta cika gurbin ɗa ba. Sannan ta mayar da haihuwa ta biyu damar ƙarshe. Idan ta biyun ma mace ce, to an rufe littafi: za a zo a ɗaure mahaifa, kuma gidan zai ƙare babu namiji har abada. Ƙidayar 2000 ta nuna sakamakon a fili. A tsarin halitta ana haihuwar maza kusan 105 a kan kowane mata 100. A haihuwar fari adadin da aka samu a Sin ya tsaya kusa da haka, wajen 107, amma a haihuwa ta biyu ya haura 150. Wannan ya nuna cewa iyaye suna karɓar 'yar fari hannu bibbiyu, ta biyu ce take ɓacewa.

Wata malamar jami'a ba'amurkiya, Kay Ann Johnson, ta shafe shekaru tana zantawa da iyalan karkara a Sin waɗanda suka yar da jarirai da waɗanda suka tsince su suka riƙa, kuma abin da ta samu ya yi daidai da waɗannan alƙaluma. Mafi yawan jariran da aka yar 'ya'ya mata ne na biyu ko na uku, a gidajen da babu namiji. Da wuya a yar da 'yar fari, da wuya kuma a yar da yarinyar da take da wa. Iyayen ba sa cewa ba sa son ta, abin da suke maimaitawa shi ne ba su da yadda za su yi. Yadda ake ajiye jariran ma shaida ne. Ana naɗe su da kyau a sa a kwali ko kwando, a bar su a bakin kasuwa, ko tashar mota, ko ƙofar ofishin gwamnati, da sassafe lokacin da mutane ke fara fitowa, sau da yawa tare da 'yar takarda mai ɗauke da ranar haihuwa da ɗan kuɗi da garin madara. Wasu iyayen sukan yi bincike tukuna, su gano gidan da ba a taɓa haihuwa ba ko gidan da maza kawai ake da su, su ajiye jaririyar a ƙofarsu su laɓe har sai an ɗauka. Wanda ke neman halaka abin da ya haifa ba haka yake yi ba.

Ban kawo wannan don in wanke iyayen ba. Jaririyar kwana biyu da aka bari a cikin sanyi ba ta san da wata doka ba, kuma da yawa sun mutu kafin a kai gare su. Alƙur'ani mai girma ya zargi mutumin da fuskarsa ke baƙi idan an yi masa albishir da 'ya mace, ya kuma faɗa cewa za a tambayi wadda aka binne da rai a kan wane laifi aka kashe ta. Uban da ya zaɓi ɗan da bai zo ba a kan 'yar da take hannunsa yana da abin da zai amsa, haka ma kakannin da suka matsa wa surukarsu lamba, alhali ilimin likitanci ya tabbatar cewa daga ɓangaren uba ake samun abin da ke sa jariri ya zama namiji ko mace. Amma adalci ya wajabta a tambayi wanda ya tsara al'amura har ya zama gurbi ɗaya ne tak ya rage, ya kuma sa riƙe 'yar ya zama asarar gona da aiki da gida.

Hukuma ba ta tsaya a nan ba, ta toshe hanyar da al'umma ta saba bi wajen rufa wa kanta asiri. Tun da can Sinawa suna da al'adar riƙo, inda dangi ko maƙwabta marasa haihuwa ke karɓar yaro su raina. Da jami'ai suka lura ana ɓoye 'ya'ya mata a gidajen 'yan uwa domin a sake gwada haihuwa, sai dokar riƙo ta 1991 ta ƙayyade cewa mai ɗaukar yaro dole ya kai shekara 35 kuma ba shi da ɗa ko ɗaya. Daga baya aka rage shekarun zuwa 30. Wannan ya hana dubban gidajen da ke son 'ya mace su karɓe ta a bisa doka, waɗanda suka karɓa a ɓoye kuma aka ci su tara kamar su suka haife ta, wani lokaci a ƙwace yarinyar bayan ta shekara biyu ko uku a hannunsu. A lokaci guda yar da yaro laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari, kuma babu wani ofishi da iyaye za su je su miƙa lafiyayyar jaririya da sunansu. Gaba kura, baya sayaki. Shi ya sa kusan duk takardun yaran nan suke cewa an tsince su, ba a san iyayensu ba.

Gidajen marayu na gwamnati suka cika fiye da ƙarfinsu a farkon shekarun 1990, ga ƙarancin ma'aikata da abinci da magani, mace-mace suka yi yawa. A 1996 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto mai tayar da hankali a kan gidan marayu na Shanghai, gwamnati ta musanta. Kuɗin baƙi ya gyara gidaje da yawa daga baya, wannan gaskiya ne, domin a lokacin kowane iyali da ya zo ɗaukar yaro yana ba gidan marayun gudummawar dala 3,000, kuma a 2005 kaɗai yara kusan 7,900 aka kai Amurka. Sai dai inda kuɗi ya shiga tsakanin jariri da iyayensa, ɓarna ba ta nisa. A wannan shekara ta 2005 aka bankaɗo cewa wasu gidajen marayu a yankin Hengyang na lardin Hunan suna sayen jarirai daga hannun dillalai. A 2011 mujallar Caixin ta ruwaito yadda jami'an ƙayyade iyali a gundumar Longhui ta yankin Shaoyang suka riƙa ƙwace jarirai daga iyalan da suka kasa biyan tara suna kai su gidan marayu, inda aka rubuta su a matsayin tsintattu, wasu aka tura su ƙasashen waje. Ke nan a cikin waɗanda duniya ta ɗauka an yar da su, akwai waɗanda iyayensu suka yi ta nema suna kuka.

Waɗanda aka ɓoye ba a yar ba su ma sun biya farashi. A Sin rajistar gida da ake kira hukou ita ce mabuɗin makarantar gwamnati da asibiti da katin shaida da aure da aiki. A wancan lokaci yaron da aka haifa ba bisa izini ba yakan rasa ta har sai an biya tara. Ƙidayar 2010 ta gano mutum kusan miliyan 13 da ba su da wannan rajista, kuma kaso mai yawa daga cikinsu 'ya'yan da suka wuce adadi ne. Sai a 2016 aka ba da umarnin yi musu rajista ba tare da sharaɗin tara ba, bayan wasu sun girma ba su taɓa shiga aji ba.

Zuwan na'urar hoton ciki har cikin ƙananan asibitoci ya sauya kamannin matsalar. An haramta faɗa wa iyaye jinsin abin da ke ciki, amma ɗan cin hanci ko alamar ido daga ma'aikaci ya isa. Yar da lafiyayyun jarirai mata ya ragu, zubar da cikin mata ya ƙaru, har adadin maza a wurin haihuwa ya kai wajen 121 a kan mata 100 a 2004. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya riga ya yi gargaɗi tun 1990 cewa mata fiye da miliyan 100 sun ɓace daga lissafin duniya, mafi yawa a Asiya. Ƙidayar Sin ta 2020 ta nuna maza sun fi mata yawa da kusan miliyan 35, kuma talakawan karkara ne suka fi rasa matan aure, abin da ya buɗe kasuwar safarar mata daga Myanmar da Vietnam da Koriya ta Arewa.

Indiya ta nuna cewa ko babu dokar ƙasa baki ɗaya, abu biyun nan, wato fifita namiji da taƙaita yawan 'ya'ya, idan suka haɗu sakamakon ɗaya ne. A can nauyin dukiyar da iyayen amarya ke kai wa dangin ango, wadda aka haramta tun 1961 amma ba ta daina ba, shi ke sa ana kallon 'ya mace a matsayin bashi. Da iyalai suka fara son 'ya'ya biyu kawai, sai ya zama dole ɗaya ya kasance namiji. Yawan yara mata 'yan ƙasa da shekara bakwai a kan kowane maza 1,000 ya sauko daga 945 a 1991 zuwa 927 a 2001, ya ƙara sauka ƙasa da 920 a 2011, a jihar Haryana ma bai kai 840 ba, duk da dokar 1994 da ta hana gwajin jinsi. A 1992 gwamnatin jihar Tamil Nadu a ƙarƙashin babbar minista Jayalalithaa ta fara ajiye gadajen jarirai a asibitoci da cibiyoyin lafiya a gundumar Salem domin iyaye su ajiye 'yar da ba sa so maimakon su kashe ta. Wasu jihohi kamar Rajasthan da Haryana da Madhya Pradesh kuma sun kafa dokar cewa mai 'ya'ya fiye da biyu ba zai tsaya zaɓen majalisar ƙauye ba. Binciken da aka yi a kan wannan doka ya samu maza suna sakin matansu, ko su musanta cewa yaro nasu ne, ko su miƙa 'ya ga dangi don kujera ta tsira, wasu jihohin ma daga baya suka soke ta. Rahoton tattalin arziki na gwamnatin Indiya na 2017 zuwa 2018 ya ƙiyasta cewa akwai 'yan mata miliyan 21 da aka haifa a kan hanyar neman namiji.

Kada wani ya ɗauka maganin shi ne gwamnati ta juya ta tilasta yawan haihuwa. A Romaniya, shugaban ƙasar Ceausescu ya haramta zubar da ciki a 1966, ya tsananta samun magungunan tazara, ya sa haraji a kan marasa 'ya'ya domin a ƙara yawan ma'aikata. Da mulkinsa ya faɗi a ƙarshen 1989 aka tarar da yara fiye da 100,000 a gidajen marayu cikin mummunan hali, mafi yawansu iyayensu na raye, talauci ne ya sa suka kai su. Ra'ayina shi ne duk lokacin da hukuma ta sa wa ɗakin haihuwa adadi, ko na ragewa ko na ƙarawa, ta kuma ɗora wa jami'i alhakin cika shi, to jariri ne zai ɗauki asarar, domin shi kaɗai ne ba ya iya kai ƙara.

Koriya ta Kudu ce ta nuna cewa fifita namiji yana iya raguwa. A 1990 ana haihuwar maza sama da 116 a kan mata 100 a ƙasar, amma kafin 2010 adadin ya dawo kusa da na halitta. Mata sun yi karatu sun samu aiki, mutane sun koma birane, an faɗaɗa fansho, an gyara dokar gado, kuma a 2005 aka soke tsarin da ya sa namiji ne kawai shugaban iyali a rajistar hukuma. Da zarar tsoho ya ga 'yarsa za ta iya riƙe shi kamar yadda ɗa zai yi, dalilin tsoron ya tafi. Sin ma ta fara fanshon karkara a 2009, shekara talatin bayan ta hana manomi ya nemi wanda zai ci da shi.

An soke dokar ɗa ɗaya daga farkon 2016, aka yarda da biyu, a 2021 aka yarda da uku, a 2022 kuma yawan jama'ar Sin ya ragu a karon farko tun 1961, yanzu gwamnati roƙon mutane take yi su haihu. Yar da yara bai ƙare ba, amma waɗanda ake yarwa sun sauya, mafi yawansu yanzu masu naƙasa ne ko ciwo mai tsanani, maza da mata. A 2014 an buɗe ɗakin ajiye jarirai a birnin Guangzhou, cikin ƙasa da wata biyu aka kai yara 262, dukkansu marasa lafiya, dole aka rufe shi. Tsadar magani ce babban dalili, kuma shekarun da aka yi ana gaya wa iyaye cewa dama ɗaya gare su, don haka dole yaron ya zama cikakken lafiyayye, sun bar tabo a tunanin mutane.

'Yan matan da aka fitar a shekarun 1990 da 2000 yanzu sun girma a Amurka da Kanada da Sifen da sauran ƙasashe, kuma da yawa suna komawa lardunan Hunan da Jiangxi da Guangdong da Anhui suna liƙa hotunansu na jarirantaka a kasuwanni, suna ba da samfurin jini ko yawu domin gwajin ƙwayoyin halitta. Wasu sun gamu da iyayensu, wasu sun tarar cewa wurin da takarda ta ce an tsince su ƙirƙira ce. Rufe ƙofar riƙon ƙasashen waje bai kamata ya zama rufe fayilolin gidajen marayu ba, domin a cikinsu ne kawai mutum zai iya gane ko yar da shi aka yi, ko sayar da shi, ko ƙwace shi. Ina roƙon jaridarku, duk lokacin da za ta kawo labarin ƙayyade haihuwa a Sin ko Indiya ko Vietnam, wadda ita ma ta soke dokarta ta 'ya'ya biyu a 2025, ta riƙa haɗawa da labarin waɗannan yara da iyayen da har yau suke nemansu.

Na gode da filin da ka ba ni.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku